Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Girkin Indiya?

Maganar da na yi makon jiya, cewa a duk abincin ƙasashen waje babu wanda ya kwanta mini a rai kamar na Indiya, ta jawo wasiƙu da yawa. Bari mu buɗe su.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Zariya. Ya ce: "Malam, anya ba finafinan Indiya ne suka ja ra'ayinka ba? Ga mandi da kabsa na Larabawa, ga girkin Turkiyya, ga na Sin. Me Indiya ta fi su da shi in ba yaji ba?"

Malam, na gode. Ban raina mandi ba ko kaɗan. Amma ɗauke naman da ke kan farantin ka ga abin da ya rage. Ni abin da ya sa na fifita Indiyawa shi ne sun iya fitar da daɗi daga abin da talaka yake da shi. Ɗauki dal, wato ƙananan dangin wake da suke ɓarewa su dafa har su narke. Da ruwa da gishiri da kurkur kawai ake dafa shi. Sai a ƙarshe a ɗora man shanu a wuta, idan ya yi zafi a jefa tafarnuwa da busasshen barkono da 'ya'yan hulba, suna fara ƙara ana juye su a kan waken. Wannan soyawar ta ɗan lokaci, wadda suke kira tadka, ita ce sirrin. Ƙamshin kayan yaji a cikin mai yake fita, ruwa ba ya iya jawo shi duka. Kuma kowane irin yaji da lokacin shigarsa tukunya: wani tun farko, wani sai an kusa saukewa. Garin kori na gwangwani da muke barbaɗawa a miya, Turawan Ingila ne suka yayata shi don sauƙin ciniki. Uwargida a Indiya ita ke haɗa kayan yajinta, kuma haɗin kifi daban yake da na kuɓewa.

Af, na ce kuɓewa. Suna cin ta sosai, sai dai soya ta suke yi har yauƙin ya tafi. Tsamiya na cikin miyarsu ta kudu, haka ma dogayen 'ya'yan zogale da yawancinmu ba mu damu da dafawa ba. A Rajastan da Gujarat gurasar gero suke gasawa, su ci da man shanu da mazarƙwaila. Geron nan kuwa asalinsa daga yankinmu na Sahel ne, kuma Indiya ce ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 domin gero da danginsa.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi. Ta ce tana fama da gyambon ciki, kuma ta ji an ce abincin Indiya wuta ne zalla.

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya, kuma maganar likitanki ita ce gaba da tawa. Amma Indiya ƙasa ce mai mutane sama da biliyan ɗaya, girkinta ba iri ɗaya ba ne. Mutanen Andhra suna zuba barkono ba tausayi, na Gujarat kuwa har ɗan zaƙi suke sa wa miya. Shi kansa barkono baƙo ne a can. Turawan Fotugal ne suka kai shi bayan Vasco da Gama ya sauka Kalikut a 1498, kafin nan masoro ne mai ba su zafi. Ki nemi idli. Shinkafa ce da wani baƙin wake da ake jiƙawa, a niƙa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi kamar na waina, sai dai turara shi ake yi, ba mai, ba yaji. Akwai kuma khichdi, shinkafa da wake masu laushi, wanda su kansu shi suke ba marar lafiya.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani matashi ce a Kano, zai raka mahaifiyarsa asibiti a Delhi, yana tambaya kan halal.

Ɗan'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka maka da alheri. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun haura miliyan 170, saboda haka ba za ka rasa wurin cin nama ba. A tsohon birnin Delhi, kewayen babban masallacin Jama Masjid, gidajen abincin Musulmi ne jere, akwai biryani da kebab da nihari, naman da ake barin sa a wuta tsawon dare. Amma ka riƙa tambaya, domin akwai yankan da ake kira jhatka, wanda ake sare kan dabba da sara ɗaya, ba irin yankanmu ba ne. Idan ka ga vindalu a jerin abinci ka bincika, asalinsa a Goa da naman alade ake yin sa. A kanti kuwa ka duba jikin leda ko kwali: koren ɗigo a cikin koren murabba'i yana nufin babu nama a ciki. Ruwan sha ka sayi na roba mai hatimi, kuma ka sanar da ma'aikatan asibitin irin abincin da Mama ta saba ci tun ranar da kuka sauka.