Yadda Ake Shirya Gida Tun Kafin Ambaliya Ta Zo

Ranar 10 ga Satumban 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa bayan madatsar Alau ta ɓalle. A Mokwa ta jihar Neja kuwa, ranar 29 ga Mayun 2025, ruwan ya iso kafin gari ya waye, ya tarar da mutane a kan shimfiɗa, ya halaka fiye da mutum 150. Wanda ruwa ya tasa daga barci ba shi da sukunin neman takardar fili, balle tunanin inda zai kai tsohuwarsa. Shi ya sa shirin ambaliya aikin rani ne, kuma mafi yawansa shawara ce da za a zauna a yanke da iyali.

Da farko ku san ta inda ruwanku yake zuwa. Mutumin Auyo ko Haɗeja yana iya kwana ba a yi ko yayyafi a garinsu ba, amma kogi ya cika saboda ruwan da ya gangaro daga madatsun Tiga da Challawa. Na Yola da Numan da Makurdi kunnensa na kan madatsar Lagdo ta Kamaru. Ku tambayi dattawan unguwa iya inda ruwa ya kai a ambaliyar 2012 da ta 2022, sau da yawa ma shatarsa tana nan a jikin bango. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Gidajen rediyo suna kawo bayanin da Hausa, don haka ƙaramar rediyo mai batir ta cancanci kuɗinta.

Mataki na biyu shi ne mafi wuya: yanke lokacin tashi. Barin gida abu ne mai ciwo. Maigida yana duban rumbu da awaki yana cewa bari a ga gobe, maƙwabci bai tashi ba shi ma yana jin nauyin ya riga kowa gudu. Maganin wannan shi ne a sa alama tun hankali yana kwance. A ce, misali, ranar da ruwa ya taɓa gindin bishiyar kaza, ko ya shafe kwalbatin bakin hanya, ko hukuma ta yi shela, to mata da yara da tsofaffi za su tafi a ranar, da rana, ba sai an sake zama ba. A faɗa a gaban kowa, har uwargida ta san tana da izinin fita da yara ko maigida yana kasuwa. Na ɗauki wannan izinin da muhimmanci ƙwarai, domin akwai matan da za su tsaya cikin ruwa suna jiran umarni daga wayar da ba ta shiga. Masu gidan ƙasa su sa tasu alamar da wuri fiye da kowa, don katanga tana shan ruwa ne ta ƙasa, tana iya zubewa alhali ruwan tsakar gida bai kai gwiwa ba.

Ku zaɓi masauki biyu: na kusa a kan tudu, kamar makaranta ko masallaci, da na nesa, gidan ɗan'uwa a wani gari wanda aka riga aka yi magana da shi. Ku taka hanyar da ƙafa tare da yara, ku kuma nemo wata hanyar ko da gada ta yanke. A raba aiki da suna: wane ne zai riƙe kaka, wace ce za ta goya jariri, wa zai leƙa makaho ko gurgun da ke maƙwabtaka. Kowane yaro ya haddace lambar waya ɗaya, ƙanana kuma a rubuta musu a takarda, a naɗe a leda, a ɗaura musu a jiki. Malamin da ke da almajirai ya riƙe jerin sunayensu da lambobin iyayensu.

Na uku, jakar tashi. Ta zama wadda mace za ta iya ɗauka da goyo a bayanta, a rataye ta kusa da ƙofa daga farkon damina har ƙarshenta. Takardu su ne gaba: takardar fili da ta gona, katin ɗan ƙasa, takardun makaranta da na haihuwa, katin awon ciki da na rigakafin yara. A ninka su cikin leda biyu, a ɗauki hotonsu a tura wa ɗan'uwa na wani gari. Sai tsabar kuɗi ƙananan canji, domin idan sabis ya ɗauke mai POS ba shi da abin da zai ba ku. A haɗa da tocila, ashana a cikin gwangwani mai murfi, cajar waya da batirin ajiya, sabulu, audugar mata, zani, gidan sauro, da igiya mai ƙwari. Mai hawan jini ko ciwon suga ko farfaɗiya ya ware maganin aƙalla mako biyu, yana sabunta shi kada ya lalace.

Na huɗu, ci da sha. Ambaliya ba ta janyewa a kwana ɗaya, kuma itace jiƙaƙƙe ba ya kama wuta. Ku tanadi abin da ake ci ba sai an ɗora tukunya ba: garin kwaki da suga, ƙuli-ƙuli, gyaɗa soyayya, dabino, daƙuwa. Hatsin gida kuwa a zuba shi a buhunan PICS ko duro mai murfi, a ɗora kan abu mai tsayi, wani kaso kuma a kai ajiya gidan tudu tun hanya tana biyuwa, musamman irin shuka.

Ruwan sha ya fi abinci saurin zama matsala, domin ambaliya tana haɗe masai da rijiya, bayanta kuma sai amai da gudawa. Babban mutum yana bukatar wajen lita 3 a rana don sha kawai, ma'aikatan agaji kuma suna lissafin lita 15 idan an haɗa da girki da tsafta. Ku cika jarkoki masu murfi. Idan sun ƙare, a tace ruwa da tsaftataccen ƙyalle, a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a saka Aquatabs ko WaterGuard yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ko da ruwan ya yi garau. Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da suga nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, suga cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, sannan a nufi asibiti.

Ranar tashi, a kashe wutar lantarki daga babban makunni, a rufe tukunyar gas. Dabbobin da ba a riga an kora tudu ba a kwance su daga turke, don dabba a sake tana iya ceton kanta. Kada a ratsa ruwa mai gudu: wanda bai wuce idon sawu da yawa ba yana kayar da ƙato, wanda ya kai gwiwa yana jan mota. Inda ya zama dole a bi kwantaccen ruwa, a riƙe sanda ana dogarawa saboda ramuka da buɗaɗɗun kwatoci, a kuma kula da macizai da wayoyin lantarki da suka faɗo. Idan jirgin kwalekwale ya cika, ku jira sawu na gaba komai matsuwa. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya ita ce 112.

A masauki ku rubuta sunayenku wurin jami'an NEMA ko hukumar agaji ta jiha, yara su kwana cikin gidan sauro, kuma kada a kunna janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsu yana kisa cikin barci. Idan ruwa ya janye, babba ɗaya ya fara zuwa da rana ya duba tsagewar bango da azara kafin a dawo da iyali. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar, rijiya kuma a yashe ta a sa mata sinadarin kulorin kafin kowa ya sha.