Amsoshin Tambayoyinku: Yi wa Kyandir na Gilashi Riga

Tambaya: Ɗiyarki ce daga Dakoro. Na sayo kyandirori na cikin gilashi a Maraɗi, babu wani ado a jikinsu. Ina so in naɗe su da ragowar atamfa saboda kwalliyar Sallah, amma uwar mijina ta ce gobara nake nema. Yaya zan yi?

Amsa: Kada ki yi watsi da maganar surukarki, domin tana da gaskiya: zafin harshen kyandir yana kaiwa digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos. Amma ana yin adon lafiya lau, muddin ƙyalle bai haɗu da wuta ba.

Fara da zaɓen yadi. Ki nemi na auduga zalla, kamar atamfa mai kyau, ko shadda, ko saƙi. Ki guji leshin roba da yadin nailan da atamfar nan mai santsi, don idan suka ji zafi narkewa suke yi, su manne a fata, ƙunarsu kuma ta fi muni. Gwajin ba wuya. Ki zare zare ɗaya ki kusanta shi ga ashana a tsakar gida. In ya zama toka, auduga ce, in ya dunƙule ya yi tauri, roba ce.

Ba sai kin kashe ko dala ba. Telan unguwa yana da tarin ƙyallaye gabanin Sallah, ga ragowar ankon biki a ƙasan akwati. Ni kam saƙi na fi so, tunda dama a siriri ake saƙa shi, gefensa ba ya warwarewa. Kuma ku mutanen Dakoro kuna da abin da 'yan birni ke nema: baƙin yadin da matan Woɗaaɓe na wajajen Bermo ke yi wa aikin allura da zare kala-kala. Guntunsa kaɗai ya ishi gilashi ado. Turkuɗi dai yana zuba, zai ɓata miki hannu da teburi.

Ki auna kewayen gilashin da zare, ki ƙara santimita 2 don haɗa baki. A tsawo kuwa, rigar ta tsaya aƙalla santimita 3 ƙasa da bakin gilashin. Nan ne duk hatsarin yake, saboda haka kada ki bar geza ko zare yana lilo a sama. Ki kalmashe gefuna, ki ɗinke, ki goge, sannan ki sa maɓalli ko ki ɗaure da zare daga ƙasa. Ban ba ki shawarar liƙewa da gam ba: zafi yana sassauta shi, kuma ƙurar hunturu za ta sa ki so cire rigar ki wanke. Wadda ake cirewa, gobe sai ki sauya mata wata don Babbar Sallah, ko Maulidi, ko jeren amarya.

Idan kin kunna, lagwanin kada ya wuce rabin santimita, kada kuma ya ci fiye da awa 4 a jere. In kakin ya kusa ƙarewa ki kashe, don gindin gilashi yana fashewa idan wuta ta sauka kansa. Ki ɗora shi a faranti mai yashi, nesa da labule da gidan sauro da zana, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ko kicin za ki leƙa, ki hure shi tukuna. In kakin ya kama da wuta, kada ki zuba ruwa, fantsama zai yi. Ki kife masa murfin tukunya.

A ɗakin yara da ɗakin kwana kuwa, ki sa 'yar fitila mai batir cikin gilashin. Da ita rigar za ta iya hawa har baki, hasken ya ratso zanen atamfar.