Yaushe Zan Kashe wa 'Yan Tsaki Fitila?

Tambaya: 'Yan tsakina sun cika mako uku. In kashe musu fitila? Mai kiwo, Tahoua.

Amsa: Malama, a yankinku na Adar sai an duba lokaci. Makon farko suna son ɗumi kamar digiri 33, a riƙa rage uku kowane mako. A bazara, da zafin Afrilu ke haura 40, mako biyu ya isa, shi ma da dare kawai. Amma da hunturu kada ki yi gaggawa, sai gashi ya rufe su, mako biyar ko shida.

Ki leƙa su da asuba. In sun dunƙule ƙarƙashin fitila suna kuka, da saura. In sun watse jikin bango, baki buɗe, fikafikai a sake, zafi ya yi yawa. In kaskon gawayi kike sawa, don Allah ki bar kafar iska, hayaƙinsa na kashe su.