Amsoshin Tambayoyinku: Wane Gilashi Zai Miƙar Da Hasken Lezata?

Tambaya: Ni mai gyaran rediyo da DVD ne a Ƙofar 'Yandaka, Katsina. Na ciro ƙwayar leza ja daga wata matacciyar DVD, ina so in haɗa wa ƙanena mai aikin tayil abin da zai riƙa ja masa layi a bango. Da na ba ta wuta sai hasken ya bazu kamar na tocila, siffarsa kuma kamar ƙwai. Na kara gilashin da nake duba ƙananan lambobi da shi, bai yi ba. Ƙwayar ce ta lalace, ko akwai gilashin da ya dace?

Amsa: Malam, ƙwayarka lafiyarta ƙalau, haka halittarta take. Tun 1962 da Robert Hall ya ƙera irinta ta farko a kamfanin General Electric na Amurka, wannan ƙwaya da ake kira dayod ɗin leza ba ta taɓa fitar da haske a miƙe da kanta ba. Ƙofar da hasken ke fita ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kaurinta kamar maikiron 1, faɗinta 3 zuwa 5, alhali silin gashin kai ya kai maikiron 70. Shi kuwa haske, iya matsin ƙofa iya bazuwarsa in ya fito, kamar 'yan makaranta da aka tasa ta ƙaramar ƙofa. Ta ɓangaren da ya fi matsi yakan buɗe kamar digiri 30, ta ɗaya ɓangaren kamar 10. Ga asalin ƙwan da ka gani a bango.

Ka tuna yadda yara ke ƙona takarda da gilashi a rana. Hasken rana yana zuwa a miƙe, gilashin ya tattara shi a ɗigo guda. Abin da kake nema shi ne a juya wannan aiki: ka ajiye bakin dayod daidai wurin ɗigon, hasken ya fita ta ɗaya gefen a miƙe. Nisan da ke tsakanin gilashi da ɗigon nan masu sayarwa suna rubuta shi da harafin f, kuma shi ke yanke kaurin hasken da za ka samu. In f milimita 4.5 ne, hasken zai fito kamar milimita 2.4 ta tsawo, 0.8 ta faɗi. Gilashin duba lambobinka kuwa f ɗinsa zai kai santimita 10. Ina kyautata zaton ka manna shi ne a bakin dayod, shi ya sa ba ka ga canji ba. Da ka ja shi baya santimita 10 da hasken ya miƙe, amma faɗinsa zai haura santimita 5, ba abin jan layi ba ne.

Lamba ta biyu da za ka duba ita ce NA, wato girman bakin gilashi in an gwada shi da f ɗinsa. Ƙaramin baki yana yanke gefen hasken, ƙarfi ya ragu, ka kuma ga zobba-zobba kewaye da ɗigon. Ga dayod mai buɗe digiri 30, nemi NA 0.5 ko sama. A nan ne gilashin da aka saba ke gazawa: tudunsa yankin ƙwallo ne, hasken da ya bi ta gefe da wanda ya bi ta tsakiya ba sa haɗuwa wuri ɗaya. Maganin shi ne wanda ake kira asferik, mai tudun da ke sassautawa zuwa gefe. Kada ka ɗauka sabon ilimi ne. Wajen shekarar 984 Ibn Sahl ya rubuta littafi a Bagadaza kan madubai da gilasai masu ƙonawa, ya lissafa siffar da ke tara haske a ɗigo ɗaya.

Asferik ɗin ma yana kan teburinka. Ɗan idon nan da ke hawa da sauka a ƙarƙashin faifai shi ne, NA ɗinsa 0.6 a DVD, 0.45 a CD. An ƙera shi ne don ya duba ta cikin robar faifai, saboda haka ɗigonsa ba zai yi tas ba, amma ya isa gwaji. Wahalar tana wajen riƙe shi, domin kuskuren da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya ɓata saiti. Abin da na fi so shi ne gidan ƙarfe mai kaurin milimita 12 da gilashi mai zare, irin na cikin lezar nuni, wanda ake murzawa. Gefen da ya fi shafewa ya fuskanci dayod, mai tudun ya kalli waje. Ka haska bango mai nisan mita 10, ka murza a hankali har girman ɗigon a can ya yi kusa da girmansa a mita 1. Ba zai taɓa zama daidai ba: haske ja mai kaurin milimita 2, komai kyan gilashi, sai ya buɗe kamar santimita 4 a mita 100. Wanda ke son ya kai nesa bai buɗe ba sai ya ɗauki f mai tsawo, ya haƙura da kauri.

Mayar da ƙwai da'ira aikin ɗakin bincike ne, da gilasan silinda biyu ko firizim biyu, kuma kai ba ka buƙatarsa. Layi kake so. Bayan hasken ya miƙe, gitta masa siririn sandan gilashi mai tsabta. In sandan yana tsaye layin zai kwanta, in yana kwance layin zai tsaya. Za ka ga tsakiya ta fi haske, bakin biyu sun dushe. Gilashin Powell ke gyara wannan, sai dai kuɗinsa ya fi na duk abin da za ka haɗa. Sannan ka sani miƙewar layi daban, daidaituwarsa daban. Na'urorin kanti suna da abin lilo a ciki da ke saita kansa. Naka sai ƙanenka ya fara gwada shi da tiyon ruwa irin na magina. In gilashin na roba ne, kada a goge ƙurar hunturu da bakin riga, a hure ta.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Ba ka faɗa mini DVD ɗin ta kallo ce ko ta kwamfuta mai buga faifai ba. Ta kallo ƙarfinta 'yan miliwat ne. Mai bugawa tana haura miliwat 100, alhali lezar nuni da ake ɗauka da sauƙin haɗari ba ta wuce 1 zuwa 5. Yanzu da hasken ke bazuwa haɗarin kaɗan ne. Ranar da ka miƙar da shi, zai iya ƙona cikin ido kafin ƙiftawa, ko da daga tayil mai sheƙi ya dawo. A cikin na'urar akwai kuma dayod ta CD mai nanomita 780, wadda ido ba ya gani sai ɗan ja-ja, mutum ya zaci ta mutu ya leƙa.

Shawarata, in ta kwamfuta ce ka mayar da ita akwatin tarkace. Ka aika Sabon Gari ta Kano a nemo maka haɗaɗɗiyar leza mai layi, ja, nanomita 650, wadda ba ta wuce miliwat 5 ba, da ɗan allonta mai ƙayyade wuta. Kuma ka ja kunnen yaran shagonka kada kowa ya haska ta a fuskar wani.