Darasi na 18: Shuka a Hasken Fitila

Da damina, in kuka ɗaga wani tsohon turmi da ya daɗe a kife a tsakar gida, me za ku gani a ƙarƙashinsa? Za ku tarar da ciyawa fara, siririya, ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Ga ruwa, ga ƙasa, amma duk da haka ta rame. Abin da ta rasa shi ne haske.

Ganye shi ne madafin shuka. Saiwa tana jawo ruwa daga ƙasa, ganye yana shaƙar iska, sa'an nan da ƙarfin haske ya haɗa su, su zama sukari, watau abincin shuka. Haske shi ne wutar girkin. In babu shi, shuka ta kwana da yunwa.

Mu dai Allah ya hore mana rana, amma ba ko'ina haka abin yake ba. A garin Turomso, can arewacin ƙasar Norwe, rana ba ta fitowa sam tun daga ƙarshen watan Nuwamba har tsakiyar Janairu, ga ƙanƙara ta rufe ƙasa. To, wanda yake son ɗanyen latas a irin wannan wuri, yaya zai yi? Sai ya shuka a kasko cikin ɗaki, ya rataya fitilar lantarki bisa kansa, ta tsaya masa a madadin rana.

Amma ba kowace fitila ce ta dace ba. Ƙwan lantarki irin na dā, mai siririyar waya a ciki, zafinsa ya fi haskensa yawa. Kashi 9 cikin 10 na wutar da yake sha zafi yake zama. In an matso da shi kusa, ya ƙone ganye. In an nisanta shi, haske ya kāsa.

A shekarar 1938 aka fara sayar da wata irin fitila a Amurka, mai dogon ƙwai kamar sanda, ana kiranta fulorasan. A cikinta akwai tururin zaiba, an kuma shafe cikin gilashin da wani farin gari. In wuta ta ratsa tururin, sai garin ya ɗauki haske. Daga baya, wajen 1980, aka yi ƙanananta waɗanda aka lanƙwasa. Irin wannan mai wat 15 tana ba da haske kamar na tsohon ƙwai mai wat 60. Kun ga ke nan rubu'in wuta take sha, zafinta kuwa kaɗan ne.

Saboda haka ana iya sauko da ita kusa da tsiro, kamar faɗin tafin hannu, ba ta ƙone shi ba. Tsiro na girma, ana ɗaga ta. Akan kunna ta sa'a 14 zuwa 16 a yini, sa'an nan a kashe, domin shuka ma tana bukatar dare. Latas da na'ana'a da ƙananan tumatir na dashe suna yin kyau a ƙarƙashinta.

Sai dai a kula, zaiba guba ce. In ƙwan ya fashe, kada ku taɓa. Ku buɗe taga, ku fita, ku kira babba. Yanzu ma an sami wata fitila, LED, wadda ta fi ta tsimin wuta, ba ta kuwa da zaiba. Da ita aka shuka latas ɗin da 'yan sama jannati suka ci a tashar sararin samaniya a shekarar 2015.

Ku duba fa, wasu sai sun biya kuɗi kafin shukarsu ta sami abin da muke samu kyauta kowace safiya.

Aiki
Ku shuka wake a gwangwani 2. Ku ajiye ɗaya a rana, ɗaya cikin akwati a rufe, kuna ba su ruwa daidai. Bayan kwana 10 ku gwada su.

Tambayoyi
1. Don me ciyawar ƙarƙashin turmi ta yi fari?
2. Me ya sa tsohon ƙwai bai dace da renon shuka ba?
3. Me za ku yi in fulorasan ta fashe?