Yadda Ake Haɗa Mafakar Ciyawa da Tankin Ƙasa a Akwatin Murjani

Mai kiwon murjani a akwatin gilashi tanki biyu yake riƙewa. Na sama shi baƙi ke kallo. Na ƙasa yana ɓoye a cikin kabad, kuma can ake tace ruwan gishirin. Ruwa ya cika na sama, ya malala ta bakin magudana, ya gangaro ta bututu zuwa na ƙasa, inji ya sake tura shi sama. Mafaka wani ɗaki ne da ake ƙarawa a wannan zagaye, inda kifi ba ya shiga. A ciki ake renon ciyawar teku, ta riƙa shanye naitiret da fosfet da abinci da kashin kifi ke bari a ruwa, ƙananan halittun da ake kira kofifod kuma su hayayyafa ba mai cinye su. Tace ruwa da ciyawa ba sabon abu ba ne. Walter Adey na cibiyar Smithsonian a Washington ya daɗe yana yi, ya kuma bayyana shi a littafin Dynamic Aquaria da suka fitar da Karen Loveland a 1991.

Ka fara da zaɓar wa mafakar wuri. Mafi sauƙi ka yanke mata ɗaki a cikin tankin ƙasan da katangun gilashi: ɗakin farko na saukar ruwa da na'urar kumfa mai kwashe datti, na biyu mafaka, na ƙarshe na injin. Aibin wannan tsari shi ne duk ruwan akwatin sai ya ratsa ta cikinta, ba ka da ikon rage mata gudu. Shi ya sa na fi son a sa ɗakin injin a tsakiya, na'urar kumfa a gefe guda, mafaka a ɗaya gefen, kowanne yana zuba wa injin. Ta haka mafaka tana da nata bututun da nata bawul. In kabad ya yi ƙanƙanta, ana iya ɗora ta a wani tanki daban, muddin yana zaune sama da na ƙasa.

Katangun ka manna su da silikon na akwatin kifi zalla. Na banɗaki yakan zo da maganin kashe funfuna, kuma guba ne ga murjani. Wanda ka shafa ka ba shi aƙalla kwana biyu ya bushe. Tsakanin na'urar kumfa da inji a jera katanga uku, tazararsu kamar santimita 2.5, ta tsakiya a ɗage ta daga ƙasa, don ruwa ya haura, ya nutse, ya sake haurawa, ya bar kumfarsa a hanya. A bakin katangar mafaka ka sa raga ta roba, in ba haka ba ciyawa za ta bi ruwa ta shaƙe injin.

Yanzu daga ina mafaka za ta sha ruwa? Nan masu wannan kiwo suka rabu biyu. Wasu suna yin reshe daga bututun da ke saukowa, don ɗanyen ruwan sama yana ɗauke da burbushin abinci da kofifod ke ci. Hujjarsu ba laifi. Amma in magudanarka irin ta Herbie ce ko ta BeanAnimal, waɗanda babban bututunsu ke tafiya cike da ruwa ba iska, yin reshe a jikinsa yana dagula zuƙarsa: yau shiru, gobe gurnani, kai kuma kullum hannunka na kan bawul. Ga irin wannan, ka ɗauko reshen daga bututun da ke fita daga inji. Naitiret da fosfet narkakku ne, suna nan a ruwan ko ya bi ta na'urar kumfa, don haka ciyawa ba za ta rasa abinci ba. Sai dai ka sayi inji mai ƙarfin da zai ishi sama da reshen duka.

Ko daga ina ka ɗauko, bawul a bututun shiga yake zama. Kada ka taɓa sa shi a hanya ɗaya tilo da ruwa ke fita daga mafaka, kada kuma ka sa inji biyu, ɗaya na kawowa ɗaya na kwashewa, da tunanin za ka daidaita su. Ba za su daidaita ba, ɗayan tankunan sai ya yi ambaliya. Inji ya kai ruwa, ruwan ya dawo da kansa ta gangara. Bawul ɗin ya zama mai murɗawa a hankali kamar kan famfo, domin mai hannu da ke rufewa a kwata ɗaya bai iya saiti mai laushi ba. Kuma na roba duka. Jan ƙarfe da tagulla kada su kusanci wannan ruwa, ɗan kaɗan ɗinsu yana kashe murjani da jatan lande. Mai aikin famfo na gida zai miƙo maka na tagulla da zuciya ɗaya, don shi ne mai kyau a aikinsa. Ka gode masa ka mayar.

Idan mafakar tanki ce daban, sai an huda ta. Gilashin da aka gasa don ƙarfi ba ya hudawa, tarwatsewa yake yi, don haka ka tabbatar tukuna. Ana hudawa da baki mai lu'ulu'u, ana zuba ruwa, ba a dannawa. Mahaɗin bango na inci ɗaya yakan nemi rami na wajen milimita 45, amma ka auna wanda ke hannunka. Robarsa tana zama a gefen leɓen mahaɗin, ka ɗaure da hannu. Ka huda biyu: na aiki, da na ko-ta-kwana a sama da shi kaɗan. Ciyawa da dodon koɗi suna toshe bututu, kuma ba sa jiran kana gida.

Ka yanka bututun PVC, ka haɗa komai a bushe, ka yi wa kowace gwiwa alama, sannan ka shafa gam. Ka sa yuniyan kusa da inji da kowane bawul, don ranar wanki ka kwance ba sai da zarto ba.

Gwaji da ruwan famfo ake yi, kafin gishiri. Ka kunna, ka bi mahaɗai da busasshiyar takarda. Sannan ka kashe injin ka zauna ka kalli abin da zai faru, domin wannan ne gwajin da ya fi kowanne muhimmanci, balle inda ɗauke wuta ba labari ba ne. Ruwan sama zai ci gaba da saukowa har ya kai bakin magudana, bututun mayarwa ma zai juya ya fara zuƙo ruwa baya. Lissafin mai sauƙi ne. Akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 50, in ruwansa ya sauka da santimita 3, lita 18 ke nan. A tankin ƙasa mai 90 da 40, lita 18 za ta ɗaga ruwa da santimita 5, ban da na cikin bututai da na mafakar da ke sama. Ka bar fili fiye da haka. Bakin bututun mayarwa ya tsaya dab da saman ruwa, ko ka yi masa ƙaramin rami a nan don iska ta shiga ta yanke zuƙar. Bawul mai hana ruwa komawa ba abin dogaro ba ne a ruwan teku, don ƙananan halittu kan girma a cikinsa su hana shi rufewa. Ka sake kunna injin, ka toshe babbar mafitar mafaka da hannu ka ga ko ta ko-ta-kwana za ta ɗauke duka ruwan. Sannan ka sa alamar matakin ruwa a ɗakin inji. A nan kaɗai raguwar ruwan da ke tashi tururi ke bayyana, kuma da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa, tunda gishirin bai tafi ko'ina ba.

In gishiri ya zauna a wajen 1.025 a ma'auninsa, sai ciyawa. Chaetomorpha ta fi kwanciyar hankali: dunƙulen koren zare ne, ba ta kama dutse. Caulerpa tana saurin girma, amma takan narke farat ɗaya ta gurɓata ruwa, kuma wata irinta, wadda aka fara gani a tekun Monako a 1984, ta mamaye wurare da dama a Bahar Rum, har jihar Kalifoniya ta hana wasu nau'o'inta a 2001. Ka buɗe bawul har ka ga dunƙulen yana motsi, ba ruwa kwance a kusurwa. Fitilar mafaka ta kama lokacin da ta sama ta mutu, don ciyawa ta shanye iskar kabon da dare, tsamin ruwa kada ya hau. Ka tare hasken da baƙar roba daga ɗakin na'urar kumfa, kada gansakuka ta cika ta. Duk mako ɗaya ko biyu ka yage wani ɓangare na ciyawar, ka karkaɗe shi a ruwan mafaka don kofifod su sauka, sannan ka jefa a shara, ba a magudanar ruwa ba.