Mu san duniya: ƙasashen shinkafa da baƙinsu Sinawa

Ku duba buhun shinkafa a kasuwar Maraɗi ko Damagaram. Sau da yawa an rubuta sunan ƙasar Tailan a jikinsa. Yau za mu ga inda ƙasar nan take.

Tailan tana yankin kudu maso gabashin Asiya, kudu da ƙasar Sin. Yankin yana da ƙasashe 11. Cikinsu akwai Indonesiya, Maleziya, Biyetnam, Filifin da Singafur. Mutanensa sun wuce miliyon 650.

Can akwai zafi kamar nan, amma ruwa ya yi yawa. Maraɗi takan samu wajen milimetir 500 a shekara. Singafur tana samun fiye da 2000. Shi ya sa a wasu wurare ake girbin shinkafa sau biyu ko sau uku a shekara. Inda abinci yake, nan mutane ke taruwa. Ku dubi tsibirin Jawa na Indonesiya. Nijar ta ninka shi girma kusan sau 10, amma mutum fiye da miliyon 150 ke zaune cikinsa. Tokar duwatsu masu aman wuta ita ke ƙara wa gonakinsa taki.

Albarkar nan ta jawo baƙi. Tun da can Sinawa suna zuwa fatauci cikin jiragen ruwa. Bayan Turawan Ingila sun kafa tashar Singafur a 1819, sai suka riƙa zuwa da yawa. Talauci da yaƙi ne suka koro su daga jihohin Fujiyan da Gwandon. Suka yi aikin haƙar kuza, da dako, da kanti. Da yawa ba su koma gida ba. Yau a Singafur, wajen mutum 3 cikin 4 Sinawa ne. A Maleziya sun fi 1 cikin 5.

Zaman bai zama iri ɗaya ba ko'ina. A Tailan sun yi auratayya da ƴan ƙasa, suka ɗauki sunayensu da harshensu. A Maleziya an yi faɗa a 1969, mutane da yawa suka mutu. A Jakarta, babban birnin Indonesiya, an ƙone kantunan Sinawa a 1998, lokacin tsadar abinci.

Mu ma mun san wannan. Ƴan'uwanmu suna zaune a zangon Kumasi da Akra. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙi marasa takarda, har da Hausawa. Baƙo yana zuwa da sana'a, amma in yunwa ta shigo shi ake fara zargi.

Ku tattauna da malaminku:
1. Me ya sa mutane suka yi yawa a Jawa?
2. Me ya fitar da Sinawa daga gida?
3. Yaya kuke zama da baƙin garinku?